Takardar asibiti ta ce abu ɗaya, maƙwabta sun ce sanyi: me ke damun Inna?

“Assalamu alaikum likita. Daga Kaura Namoda nake rubutowa. Mahaifiyata ta haura shekara 60, ta daɗe tana fama da ciwon kwankwaso da gwiwoyi, har ruku'u ya fara gagararta. Mun kawo ta Gusau aka yi mata hoton ƙashi, aka ba mu takarda. Ga abin da na kwafo harafi da harafi: lumbar spondylosis L4/L5, sai kuma osteoarthritis a gwiwa biyu. Likitan ya yi bayani, amma layi ya yi tsawo, ban gane ba, na kuma ji nauyin sake tambaya. A gida an ce sanyi ne. Mai ɗori ya ce jijiya ce ta hau kan jijiya. Ni nake mata tafinta, da muka fito ta ce mini ‘mi anka gani?’ na rasa ta cewa. Don Allah me waɗannan kalmomi suke nufi da Hausa, kuma maganar wa zan kama?”

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da wannan ɗawainiya. Bari in fara da gyara: ni ba likita ba ne, ma'aikacin sashen gashin ƙashi ne, mu ne ake turo wa mutum bayan likita ya gama rubutunsa. Shekara 14 ke nan ina wannan aiki a Gusau, kuma in za a faɗi gaskiya kusan rabinsa tafinta ne. Kullum sai wani ya miƙo mini takarda da hannu biyu, fuskarsa kamar an ba shi sammaci.

In na fahimce ka, abu biyu kake nema: ma'anar abin da aka rubuta, da kuma wanda za ka gaskata tsakanin likita da maƙwabta da mai ɗori. Na farkon mai sauƙi ne. Takardar tana cewa ƙasusuwan bayan Inna na wajen kwankwaso da gwiwoyinta biyu sun sha aiki, sun fara zaizayewa irin ta shekaru. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ambaci daji ba, ba ta ambaci karaya ba. Na biyun shi ne mai ɗan tsawo, domin kowanne cikin ukun ya riƙe wani gefe na maganar.

Kalmar likita guntaye ce aka ɗinke

Yawancin waɗannan kalmomi asalinsu ba Turanci ba ne. Daga harshen Girka da Latin aka ɗebo su, shi ya sa Bature ma in bai yi karatun asibiti ba yakan tsaya yana kallonsu kamar yadda ka tsaya. Amfaninsu shi ne likitan Gusau ya rubuta, na Kano ko na Masar ko na Indiya ya karanta ya gane abu guda. Zan bar guntayen da haruffansu yadda suke a takarda, don ka iya nemo su da idonka.

Kowace doguwar kalma tana da kai da wutsiya. Kan yana faɗin wurin, wutsiyar tana faɗin abin da ya sami wurin. In ka ga osteo, ƙashi ake nufi. Arthro gaɓa ce, mahaɗar ƙashi biyu. Myo tsoka, chondro guringuntsi, spondylo kuma ɗaya daga cikin ƙasusuwan da suka jeru suka yi gadon baya. A wutsiya, itis kumburi ne da zafi, algia zogi kawai, osis wani sauyi ne da ya daɗe yana tafiya a hankali, plasty kuma aikin gyara ko canji. To haɗa da kanka. Myalgia: ciwon tsoka, irin wanda kake ji bayan ka yini kana huɗa, ko in zazzaɓin cizon sauro ya kama ka. Na sha ganin wanda aka rubuta wa wannan kalma ya kwana bai runtsa ba, alhali abin da ya faɗa wa likita da bakinsa ne aka mayar masa da harshen Girka.

Inda ake ruɗewa shi ne kalmomi uku da suka fara da kai ɗaya. Ta Inna, osteoarthritis, ƙashi ne da gaɓa, wato zaizayar gaɓa. Akwai osteoporosis, ƙashi ya zama holoƙo a ciki kamar icen da gara ta ci, ba ya ciwo sai ran da aka ɗan zame a banɗaki ƙugu ya karye, kuma ya fi samun mata bayan al'ada ta ɗauke. Akwai osteomyelitis, ƙwayar cuta ce ta shiga ƙashi da ɓargo, ta tara mugunya, wani lokaci har ta huda fata ta riƙa tsiyaya shekara da shekaru. Wannan mun fi ganinta ga yara, musamman masu sikila, da wanda ya karye ƙashi ya fasa fata. Ka ga uku ne, maganinsu ko kama hanyar juna bai yi ba. Don haka in za ka karanta wa wani a waya, karanta har wutsiya.

Kada kuma girman sunayen ya tsorata ka, domin na cikin gida ne irin namu. Mu mun ce ƙoƙon gwiwa, su sun ce patella, ma'anarta ɗan faranti. Ƙashin ƙwauri sun kira shi da sunan sarewa. Ƙasusuwan ƙugu gaba ɗaya sun kira su daro. Kalmar da suke kiran tsoka da ita asalinta ɗan ɓera ne, wai don ƙwanji yana motsi a ƙarƙashin fata kamar ɓera a cikin buhu. Shi kansa sunan fannin ƙashi wani likitan Faransa ne, Nicolas Andry, ya ƙirƙiro shi a 1741, daga kalmomi biyu, miƙewa da yaro. Tambarin da ya zaɓa ɗan icce ne karkatacce an ɗaure shi jikin turke. Da Bahaushe aka tambaya ai abin da zai zana ke nan, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saura L4/L5. Wannan lambar gida ce. Babban mutum yana da ƙashi 206, jariri kuma kimanin 270, sai wasu su haɗe yayin da yake girma. A gadon baya akwai 33: bakwai a wuya, ana sa musu C, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ya kama, ana sa musu T, biyar a kwankwaso su ne L, sauran tara na ƙasa sun manne da juna. Ana ƙirgawa daga sama. Ke nan L4/L5 tsakanin na huɗu da na biyar ne a kwankwaso, daidai inda mace take ɗaura zani. Nan da gidan da ke ƙasansa su suke ɗauke da nauyin duk abin da ke sama, su ne kuma suke lanƙwasa in an duƙa, shi ya sa kusan kullum su ake gani a takarda. Amma L ɗin da za ka gani shi kaɗai a kusurwar hoton, wannan hagu yake nufi, R kuma dama. In wata rana ka ga alamar # a kati, karaya ce. In ka ji likita ya ce ciwo ya zama kuronik, daɗewa yake nufi, bai ce ya yi tsanani ba. Na taɓa ganin gida guda sun fara koke-koke a baranda saboda wannan kalma.

Ka biya ta wajen mahauci

In ina koya wa ɗalibai, kafin in buɗe littafi nakan ce su je rumfar mahauta da safe. Kai ma ka je. Ka ce a raba maka gwiwar sa ko ta rago a gaɓa, kada a sara. Za ka ga kan ƙashin an lulluɓe shi da wani abu fari mai sheƙi, santsinsa ya fi tangaran, shi ne guringuntsi. Za ka ga ɗan ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. Za ka ga wasu fararen igiyoyi gajeru sun ɗaure ƙashi da ƙashi, wuƙa ma da ƙyar take cin su. Sannan ga agara ta taso daga tsoka ta kama ƙashi. Ka sa yatsa ka shafa guringuntsin nan. Gwiwar Inna haka take lokacin da ta haife ka.

Abin da ya faru tun daga lokacin shi ne guringuntsin ya yi ta sirancewa, ya yi kaushi, a wasu wurare ya ƙare har ƙashi yana gogar ƙashi. Jiki kuma garin neman gyara sai ya tsiro da ɗan ƙarin ƙashi a gefe-gefe kamar leɓe. Daga nan ake samun ƙara in an tashi, da riƙewa in an daɗe a zaune, da gwiwa ta yi kauri ta fara bauɗewa. Mutane suna cewa ruwan gwiwa ne ya ƙare. Ruwan yana nan, sau da yawa ma yawa yake yi har gwiwar ta kumbura. Shekaru ne kan gaba wajen kawo wannan, sai ƙiba, sai tsohon rauni, sai gado, kuma mata sun fi maza samu. Ka tuna da tsugunon girki a murhu, da wanki a duƙe, da shara da gajeriyar tsintsiya, da tulun ruwa a ka, da goyo, shekara 40 ko fiye.

A baya ma labarin ɗaya ne. Tsakanin kowane ƙashi da na ƙasansa akwai wani abu mai taushi da nake kira gammo, domin aikinsa ke nan, kuma siffarsa ke nan. Da shekaru gammon yakan bushe ya lotsa, ƙasusuwan su matso kusa da juna, su ma su yi wancan leɓen. Wannan shi ne lumbar spondylosis da ke farkon takardarku, lumbar ɗin kuwa kwankwaso yake nufi. Ga abin da nake so ka riƙe: in aka tara tsofaffin unguwarku da suka haura 60 aka yi musu hoto, mafi yawansu za a ga wannan a bayansu, har da waɗanda suke zuwa gona lafiya lau. Furfura ce ta ciki. Hoton ƙashi, tun da Bajamushe Röntgen ya gano shi a 1895, ƙashi yake nunawa da kyau. Ba ya nuna gammo, ba ya nuna guringuntsi ko jijiya, sai dai a ga ratar da ke tsakanin ƙashi biyu ta ragu a gane. Zafi kuwa babu hoton da yake ɗaukarsa. Na ga hoto mai ban tsoro mai shi yana tuƙa kabu-kabu, na ga hoto mai kyau mai shi ba ya iya juyawa a kan gado.

Jijiya, da sanyi

Yanzu bari in juyo kan namu harshen, domin a ganina haɗarin ya fi yawa a nan. Kalmar likita tana ba da tsoro amma abu ɗaya take nufi. Tamu tana kwantar da hankali, sai dai takan ɗauko abu biyar a buhu ɗaya.

Ɗauki jijiya. Wadda nas take nema a bayan hannu don ƙarin ruwa, jijiya. Wadda take bugawa a wuyan hannu, jijiya. Agara, jijiya. Igiyar da ta ɗaure ƙashi da ƙashi, wadda take yagewa in an yi targaɗe, jijiya. Sannan farin zaren da ya taso daga laka yana kai saƙo ƙafa da hannu kamar wayar lantarki, shi ma jijiya. Ba laifin Hausa ba ne, Girkawan da kansu kalmar da yau ake kiran jijiyar saƙo da ita, a wurinsu da agara take nufi, har da tsirkiyar baka. Sai da aka daɗe ana fiɗa kafin a rarrabe. Amma a asibiti waɗannan biyar ɗin ƙofa biyar ce daban-daban.

Ni kaina kalmar nan ta taɓa kayar da ni. Ina sabon hannu, aka turo mini wani dattijo manomi da ya yi kwanaki a kwance bayan tiyata. Ya ce, “ɗana, jijiya ta ta ɗaure min ga ƙahwa.” Na ji jijiya, na ji ɗaurewa, sai na fassara wa kaina cewa tsokar sha-raɓa ce ta ƙage. Har na ɗauko mai zan fara murzawa. Allah ya kawo wata babbar ma'aikaciya tana wucewa, ta tsaya, ta ce in ɗage masa wando duka biyun. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kauri, tana sheƙi, da ɗumi. Ta riƙe mini hannu ta ce kada in kuskura. Jini ne ya daskare a jijiyar jini ta ciki, kuma in gudan ya ɓalle huhu yake nufa, mutum yana iya mutuwa nan take. Dattijon bai yi ƙarya ba, jijiya ce kuwa. Ni ne na zaɓi wadda na ga dama cikin biyar. Tun ranar, duk wanda ya ce mini jijiya sai in ce ya nuna mini da yatsa ɗaya, ya kuma bi hanyar da ciwon yake bi.

Saboda haka ban yi wa mai ɗorinku dariya ba. Jijiya ba ta hawa kan jijiya, amma gammon da ya lotsa ko leɓen ƙashi yana iya danne jijiyar saƙo a inda take fitowa daga baya. Daga wajen L4 da L5 da ƙasansu ne jijiya mafi girma a jiki take tasowa, ta ratsa ɗuwawu, ta bi bayan cinya har tafin ƙafa. In ita aka danne, ciwon ba ya tsayawa a kwankwaso. Yakan harba ƙasa kamar wutar lantarki, ya wuce gwiwa, da minjirya ko mutuwar yatsu, tari ko atishawa su ƙara shi. Tambayi Inna ko haka take ji. In ta ce a'a, a kwankwaso kawai yake, to maganar mai ɗori ba ta hau ba.

Sanyi kuwa ya fi jijiya faɗin buhu. Gaskiya ne masu ciwon gaɓa da yawa sun fi jin jiki da hunturu ko in hadari ya haɗu, ban musa wa kowa wannan ba. Amma dubi abin da ake zubawa a ciki. Zaizaya irin ta Inna, wadda riƙewarta ta safe ba ta cika wuce rabin awa ba, aiki yana tayar da ita, hutu yana kwantar da ita, an ce sanyi. Amosanin gaɓɓai wanda garkuwar jiki ce take cin gaɓa, ya kama ƙananan gaɓoɓin yatsu hannu biyu lokaci ɗaya, mace ta tashi da safe ta fi awa ba ta iya dunƙule hannu, shi ma sanyi, alhali in ba a fara maganinsa da wuri ba yatsun karkacewa suke yi. Wanda babban yatsan ƙafarsa ya kumbura cikin dare ɗaya, ya yi ja, ko zani ba ya so ya taɓa, wani gishiri ne ya taru a gaɓar, an ce sanyi. Saurayi mai sikila da ƙugunsa ya fara ciwo yana ɗingishi saboda jini ya daina isa kan ƙashin cinya, sanyi. Mai tarin fuka da ya sauka a ƙashin baya, yana rama, yana gumin dare, har doro ya fara fitowa, an yi wata shida ana masa turaren sanyi. Mu a Zamfara muna da ƙarin ɗaya. Tun abin da ya faru a 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400, duk wanda ya zo mini da ciwon gaɓoɓi da ciwon ciki da hannu mai saki daga wuyan hannu, sai na tambaye shi ko yana haƙa ko niƙan dutse. Dalma a ƙashi take ɓuya, tana iya yin shekaru da dama a can.

Game da masu ɗori, ba na cikin masu zaginsu. Suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, akwai masu hannu a cikinsu, kuma karaya mai sauƙi in an daidaita ta an hana ta motsi, jiki ne yake haɗa abinsa, yaro cikin mako uku zuwa shida, babba mako shida zuwa 12 ko fiye. Abin da ba na yafewa shi ne ɗauri mai tsanani. An taɓa kawo mana yaro ɗan shekara bakwai da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a saman gwiwar hannu. An jera kara an ɗaure tam, yaro ya kwana biyu yana ihu ana cewa ɗori ne yake kamawa. Da aka kwance, yatsun sun yi sanyi sun yi baƙi. Karayayyen hannu kumbura yake yi, in babu wurin kumburin sai jini ya tsaya, kuma sa'o'i kaɗan sun isa tsoka ta mutu. Ita dai Inna ba ta karye ba, ba ta goce ba, babu abin da za a ɗora. Kada a bari a ja mata baya ko a taka, kada kuma a yi mata tsaga ko ƙaho a kan gwiwa, domin ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa aikin ya fi na da.

Da Inna tawa ce

Guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa, duk mai maganin da ya ce zai tsiro da shi kuɗinka yake so. Amma ciwon yana raguwa ƙwarai, kuma babban maganin shi ne wanda mutane suka fi rainawa, wato motsi. Sunan sashenmu ma yana cutar mu, ana zuwa ana jiran a gasa, alhali gashin ɗan share fage ne. Tsokar gaban cinya ita take riƙe gwiwa. Inna ta kwanta rigingine, ta lanƙwasa ƙafa ɗaya, ta miƙe ɗayar ta ɗaga ta kamar taƙi ɗaya daga shimfiɗa, ta ƙirga biyar, ta sauke a hankali. Sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. In ta haɗa shi da bayan sallar asuba da la'asar ba za ta manta ba. Ta riƙa ɗan zagaya tsakar gida sau da yawa a yini maimakon doguwar tafiya ɗaya. Kwanciya ta kwana da kwanaki ƙara riƙe baya take yi.

Sauran aikin naka ne da kafinta. A samo mata kujera mai tsayi ta bar 'yar tsuguno. A yi mata kujera mai rami a ɗora kan masai, wannan kaɗai na ga ya canza rayuwar tsofaffi da yawa. A sa wa tsintsiya doguwar sanda, a raba ta da daka da ɗaukar bokiti, ko da za ta yi faɗa, kuma za ta yi. In za ta riƙe sanda, ta riƙe a hannun da yake ɗaya gefen gwiwar da ta fi ciwo, yawanci ana yin akasin haka. In tana da jiki, kowane kilo ɗaya da ta rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Tsumma da ruwan ɗumi minti 15 yana taimakawa, a gwada da gwiwar hannu tukuna, musamman in tana da ciwon suga. Maganar salla a zaune kuwa malamai sun yi bayaninta, addini ya ba da sauƙi, sai dai tsofaffinmu sukan ji kamar gazawa ce. Ka sa malamin da take jin maganarsa ya faɗa mata, zai fi naka shiga.

Magani na likitanta ne, amma zan ja kunnenka kan haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis ko a tallar kasuwa. Yawanci akwai diklofenak ko ibuprofen a ciki, wani lokaci duka biyun, waɗanda in tsoho ya daɗe yana sha suna ƙwaƙule ciki su taɓa ƙoda su tayar da hawan jini. Sau da yawa kuma akwai deksametason, wanda yake sa a ji garau cikin kwana biyu, sannan a hankali ya kumbura fuska, ya tayar da suga, ya mayar da ƙashi holoƙo. In Inna tana shan wani abu irin wannan, kada ka tsayar da shi farat ɗaya, ka kwashe ledar duka ka kai wa likita ya gani. In abin ya kai gwiwa ta hana barci da tafiya duk da an yi waɗannan, akwai aikin canjin gwiwa, kalmar da take ƙarewa da plasty ɗin nan, ana yin sa a manyan asibitoci irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Da tsada, kuma mafi yawan masu irin takardar Inna ba sa kaiwa can.

Iyakata ita ce ban ga Inna ba, ban taɓa gwiwarta ba, layi biyu kawai na karanta. Don haka ga abubuwan da in ka gan su ba sai ka sake rubuto wa kowa ba, mota za ka nema a ranar. Fitsari ko bayan gida ya riƙa kuɓuce mata, ko fitsarin ya ƙi fita. Tsakanin cinyoyinta ya mutu, ba ta jin ruwa in tana tsarki. Ta fara jan ƙafa a ƙasa, takalmi yana zamewa ba ta sani ba. Gwiwa ɗaya ta kumbura ta yi zafi rau da zazzaɓi. Ko ciwon bayan ya zama ba ya lafawa ko a kwance, yana tashe ta da dare, tana rama.

Ranar komawa asibiti, ka rubuta amsoshin waɗannan a takarda tun daga gida: ina ne daidai, da yatsa ɗaya, tun yaushe, yana sauka ƙafa ko a'a, minti nawa take yi da safe kafin jiki ya saki, me yake tayar da shi, me yake kwantar da shi. Kada ka fassara wa likita da sanyi ko jijiya, faɗa masa yadda ta faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka roƙe shi ya tura ku sashenmu, a duba hawan jini da suga tun da an zo. Ita kuwa in ta sake cewa mi anka gani, ka ce mata an ga gammon bayanta ya lotsa, guringuntsin gwiwa ya sirance, ba a ga mugun abu ba, kuma an ce ta bar wa jikoki turmi. A gaishe ta da jiki.